KOMAWA GIDA: DARASI A KAN 'YAN GUDUN HIJIRA DA ƘOFAR SANSANI

Jama'a, wannan darasi an shirya shi ne domin hakimai da dagatai da malaman makaranta, da kuma dukan mai ɗan'uwa zaune a sansanin gudun hijira. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Magana ɗaya muke so a riƙe, ita ce wannan: ba a iya sanin gaskiyar niyyar mutum ta komawa gida sai an bar masa hanyar shiga da fita.

1. WANE NE ƊAN GUDUN HIJIRA?

Tun daga shekarar 2009 fitinar Boko Haram ta tashi a ƙasar Barno, ta bazu zuwa Yobe da Adamawa, ta kori mutane fiye da miliyan 2 daga gidajensu. Waɗannan mutane kashi biyu ne a wurin doka.

Kashi na farko su ne waɗanda suka ƙetare iyaka. Waɗansu suka shiga Kamaru, aka zaunar da su a sansanin Minawao kusa da garin Mokolo, wanda aka buɗe a 2013. Waɗansu suka nufi jihar Diffa ta Nijar, inda sansanin Sayam Forage yake. Waɗansu kuwa suka haye Tafkin Chadi bayan faɗuwar Baga ran 3 ga Janairu 2015 da kwanakin da suka biyo, aka sauke su a sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka bar garuruwansu amma ba su bar Nijeriya ba, kamar mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da suka tsere zuwa Maiduguri. Waɗannan 'yan ƙasa ne a cikin ƙasarsu, duk haƙƙin da kowane ɗan ƙasa yake da shi suna da shi.

2. ABIN DA DOKA TA TANADA

Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya wadda aka ƙulla a Geneva a 1951. Sashe na 26 ya ba ɗan gudun hijira da ke zaune bisa ƙa'ida damar zaɓen wurin zamansa da yin tafiya cikin ƙasar da ta karɓe shi, gwargwadon yadda aka yardar wa sauran baƙi. Sashe na 33 kuwa ya hana a mai da shi inda za a halaka shi ko a tauye shi.

A 1969 ƙasashen Afirka suka taru a Addis Ababa suka ƙulla tasu. Sashe na 5 na wannan ya nuna cewa komawa gida lalle ta zama da son ran mai komawa, kuma ba a hukunta shi don ya gudu. A 2009 aka ƙara ta Kampala domin masu hijira a cikin ƙasarsu. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa ikon tafiya da zama ko'ina cikin Nijeriya.

Ashe ke nan sansani mafaka ne, ba gidan yari ba. Wanda ke cikinsa bai yi laifin kome ba.

3. DON ME AKE TSARE ƘOFA?

Kada a ce hukuma ba ta da hujja. Masu tsaro suna gudun kada miyagu su saje da bayin Allah su shigo da abin halaka, gama an sha kai hari a sansani da kasuwa da masallaci. Don haka ake binciken mai shiga da mai fita, wani wuri kuma sai da takardar izni. A garuruwa irin su Bama da Pulka da Monguno an haƙa ganuwa an kewaye gari, ba a yarda manomi ya yi nisa da ita. Wanda ya tuna manoman shinkafa na Zabarmari da aka kashe a gonakin Koshebe ran 28 ga Nuwamba 2020, su fiye da 40, ya san wannan tsoro ba na banza ba ne.

Amma tsaron ƙofa yana da nasa tsada. Manomin da ba ya fita ba shi da damina. Macen da ba ta samun itace sai ta sayar da rabin awon da aka ba ta don ta dafa sauran rabin. Ɗan kasuwa jarinsa ya narke, saurayi ya tashi bai san riƙon fartanya ba. Mutumin da dā yake ciyar da gida guda ya koma mai jiran layi da kati a hannu. Saboda haka abin da ya kamata shi ne kowane hani ya zama yana da dalili bayyananne, da lokacin da za a ɗage shi, kada ya zama al'ada.

4. YADDA AKE TAMBAYAR NIYYA

Kafin a kwashe mutane, ma'aikatan Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sukan bi gida gida suna tambaya: Kana so ka koma? Yaushe? Me zai hana ka? Amsar da aka saba ji ita ce, “Ina so, amma ba yanzu ba.” Sa'an nan mutum ya jera sharuɗɗansa: zaman lafiya, ɗakin kwana, gona, rijiya, asibiti da makarantar yara.

To, a lura da kyau. Mutum biyu suna iya cewa “zan koma”, alhali kuwa zukatansu sun bambanta. Na farko ya faɗa ne don ya ji labari tabbatacce cewa garinsa ya zauna. Na biyu ya faɗa ne don an rage awo, an rufe ƙofa, ba gona ba sana'a. Na farko gida ne ya kira shi; na biyu sansani ne ya kore shi. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. In aka rubuta su duka biyu a takarda ɗaya aka ce masu komawa da son rai ne, an yi kuskure, kuma kuskuren yakan fito fili bayan 'yan watanni, sa'ad da na biyu ya sake ɗaukar kayansa ya gudu.

Haka kuma kada a tambayi maigida shi kaɗai. A tambayi mata daban, a tambayi samari daban. Yaron da aka haifa a Minawao a 2014 bai taɓa ganin garin da ake kira nasu ba.

5. ABIN DA YA GABATA

Ran 2 ga Maris 2017 Nijeriya da Kamaru da Hukumar 'Yan Gudun Hijira suka sa hannu a kan yarjejeniya ta ɓangare uku, cewa ba za a mai da kowa ba sai da yardarsa. An yi haka ne a lokacin da ake ta kukan cewa ana mai da mutane ƙetaren iyaka da ƙarfi. A watan Agusta 2019 aka kawo rukunin farko, mutum fiye da 130, ta jirgin sama zuwa Yola. A 2021 aka kawo fiye da 3,000 zuwa Bama da Banki. A watan Fabrairu 2025 aka ƙulla irin wannan yarjejeniya da Chadi. A cikin gida kuma, daga 2021 Gwamnatin Barno ta shiga rufe sansanonin Maiduguri, irin su Bakassi da Dalori.

Akwai wani misali abin dubawa a jihar Maraɗi. Mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora tun 2019, maimakon a killace su, an zaunar da waɗansunsu a gefen ƙauyuka irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Chadakori, suna cin kasuwa ɗaya da shan rijiya ɗaya da masu masaukinsu. Mutumin da ke zaune haka, ran da ya ce zai koma, an san maganar tasa ce.

6. GARGAƊI GA MAI SHIRIN KOMAWA

Na ɗaya, kada ka yanke shawara a kan jita-jita. Gani ya kori ji. Ku nemi a tura dattawa da mata su je su duba garin su komo da labari.

Na biyu, ka tambayi nisan da ake barin manoma su fita, ka gwada da inda gonarka take.

Na uku, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta maka da harshenka ba.

Na huɗu, ka adana katinka da takardun haihuwar yara da na makarantarsu.

Na biyar, in ba ka shirya ba, kana da ikon cewa a'a, ba kuwa laifi ba ne.

Ku kuma sarakuna da masu unguwa, in 'yan'uwanku sun komo ku tarye su da fuska sake, ku sasanta rikicin gona da na gida tun bai girma ba, gama an sha samun wani ya shiga kangon wani.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin wanda ya ƙetare iyaka da wanda ya yi hijira cikin ƙasa?
2. Faɗi dalili ɗaya na tsare ƙofar sansani, da illa biyu da ke tattare da shi.
3. Don me amsar mutumin da aka killace ba ta isa shaidar son ransa ba?

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa ɗakinsa cikin aminci, amin.