Ƙara Leburori Ba Ya Maido da Wa'adin da Ya Kuɓuce

Akwai wata mas'ala wadda masu kula da ayyuka, na gini da na ofis, ba su gajiya da kawo mini ita, kuma kusan kullum da siga ɗaya: aiki ya makara, mai aiki ya fusata, mutum nawa za a ƙara a cim ma wa'adi? Tambayar kanta ba ta da lafiya, domin ta ginu ne a bisa zaton da ya game gari, wai aikin da mutum goma za su yi cikin wata biyu mutum ashirin za su gama shi cikin wata guda, alhali kuwa duk wanda ya taɓa tsayuwa a kan gini ya san kankare ba ya kai ƙarfin da injiniya ya ƙiyasta masa sai ya kwana 28, ko da an tara masa leburorin gari kaf.

Ba yau aka gane wannan ba. Fred Brooks, wanda ya shugabanci wani babban aikin manhajar kwamfuta a kamfanin IBM na Amurka, ya bayyana a littafinsa na 1975 cewa ƙarin mutane a irin wannan aiki, in ya riga ya makara, sai daɗa masa jinkiri, saboda sabon zuwa sai an koya masa, mai koyarwar kuwa shi ne gwanin da ake bukatar hannunsa. Ga kuma hisabi: mutum biyar, hanyoyin magana tsakaninsu goma ne, amma in sun zama goma sai hanyoyin su koma 45, kowacce kuwa ƙofa ce ta saɓani.

Abin da ya wajaba ga mai kula da aiki shi ne ya san silsilar ayyukan da kowanne yake jiran na gabansa, kamar yadda filasta take jiran mai wayarin da mai aikin famfo su binne bututunsu, ya kuma gane cewa jinkirin kwana ɗaya a cikin wannan silsila jinkiri ne ga aikin baki ɗaya, na wajenta kuwa sau da yawa ba ya cutarwa. Wanda bai iya zana wannan a jadawali ba, ba ni da abin da zan ce masa.

Amma asalin cutar, wadda nake so in tsaya a kanta, ita ce ɗan ƙari. Mai aiki ya zo zagaya da yamma, ya ce a ɗan matsar da wannan bango, a ɗan ƙara ɗaki can. Shi kuwa manaja, don kunya ko don tsoron kada a ce ba shi da ladabi, sai ya ce, “To, ranka ya daɗe,” bai rubuta ba, bai yi lissafin siminti da rodi ba, bai faɗi kwanakin da za a ƙara ba. Bayan wata uku, sa'ad da kuɗi suka ƙare, sai a wayi gari mai aikin ya manta shi ya ba da umurni, ana zargin manaja da ha'inci. Hatta manyan ƙasashe ba su tsira ba. Gidan wasan opera na Sidini, a Ostareliya, an fara shi a 1959 tun ba a kammala zanensa ba, da ƙiyasin dala miliyan 7 ta ƙasar. Ba a buɗe shi ba sai 1973, bayan ya ci miliyan 102, har sai da aka sake wasu ginshiƙai don ba za su iya ɗaukar rufin da aka tsayar daga baya ba.

Saboda haka, kowane canji, ƙanƙane ko babba, a rubuta shi a ranar da aka faɗe shi, a sa kuɗinsa da kwanakinsa, mai aiki ya sa hannu kafin birkila ya ɗaga bulo ko ɗaya. Ina mamakin mutanen da suka san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma su ɗauki takarda tsakaninsu da mai gida alamar rashin yarda! Kwamitocin da ke canza shawara a kowane zama ba tare da rubutaccen bayani ba, laifinsu ya fi na kowa.

Idan kuwa an riga an makara, to a gaya wa mai aiki tun da wuri, a ajiye masa zaɓi a fili: ko ya ƙara wa'adi, ko ya ƙara kuɗi a inda kuɗi za su yi amfani, ko ya rage wani sashe zuwa bayan damina.