Warin Kare da Jan Gindinsa: Darasi a Kan Jakunkunan Dubura

Duk mai kiwon kare, na gadi ne ko na farauta, wataƙila ya taɓa ganin dabbarsa ta zauna daɓas, ta miƙe ƙafafun baya, ta riƙa jan gindi a ƙasa. Sau da yawa akan ji wani ƙarni mai kama da na ruɓaɓɓen kifi yana biye da wannan hali, ko da kuwa jiya aka yi wa karen wanka. Abin da mutane suka fi ɗauka shi ne tsutsar ciki ce, sai a sayo magani a ɗura masa. Wani lokaci a dace, amma galibi matsalar tana wani wuri dabam, wato cikin wasu 'yan jakunkuna biyu da ke gefen duburarsa.

Inda suke da abin da ke cikinsu

Idan aka ɗauki duburar kare a matsayin fuskar agogo, to jaka ɗaya tana wajen ƙarfe 4, ɗayar kuma wajen ƙarfe 8. Ba a ganinsu da ido, domin suna ƙarƙashin fata, tsakanin tsokoki biyun nan masu tsuke bakin dubura. Girman kowace bai wuce ƙwayar gurjiya ba a ƙaramin kare, a babba kuwa takan kai ɗan kanya. Bangon jakar na tsattsafo da wani ruwa mai maiƙo, launinsa daga rawaya-rawaya zuwa ƙasa-ƙasa, yana taruwa a ciki. Kowace jaka tana da siririyar hanya guda da ta ɓulla a bakin dubura. Yayin da kashi mai tauri ya zo wucewa sai ya matse jakar, ɗigo kaɗan ya fito ya shafe shi. Haka kuma idan kare ya firgita ƙwarai, tsokar takan tsuke farat ɗaya, ruwan ya fesu gaba ɗaya. Wannan ne dalilin ɗoyin da kan cika ɗaki a lokacin da ake kokawar danne kare don yi masa allura.

Warin nan ba ƙazanta ba ce kawai, saƙo ne. Shi ya sa idan karnuka biyu suka haɗu, kafin komi sai kowa ya zagaya ya shinshini ƙarƙashin wutsiyar ɗan'uwansa. A shekarar 1976 George Preti da abokan aikinsa a Amurka sun binciki ruwan, suka sami sinadarin tiraimetilamin, wanda shi ne mai ba ruɓaɓɓen kifi ƙarninsa, tare da wasu nau'o'in asid, cikinsu har da wanda ke sa man shanu wari idan ya lalace. Abin sha'awa a nan shi ne, yawancin waɗannan sinadarai ba jikin kare ne ke haɗa su kai tsaye ba. Ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin jakar suke ruɓar da ruwan, kamar dai yadda kalwa ba ta zama daddawa sai ta kwana a rufe ta ruɓa.

Ba kare kaɗai ke da wannan baiwa ba. Kura tana da aljihu a ƙarƙashin wutsiya, tana goga maiƙonsa a jikin karan ciyawa don sanar da iyakar yankinta. Binciken da Kevin Theis da abokansa suka yi a kan kurayen Kenya, wanda aka buga a 2012 da 2013, ya nuna cewa bakteriyar aljihun ta bambanta daga garke zuwa garke, kuma warin yana sauyawa tare da ita. Shi kuwa bodari ya mai da nasa makami: abin da Bahaushe ke kira tusar bodari ba iska ba ce, ruwan irin waɗannan jakunkuna ne yake fesawa.

Yadda cutar ke somawa

Matsala tana farawa ne ranar da jakar ta daina zubar da abin da ke cikinta. Ruwan sai ya yi kauri, ya daskare kamar man goge haƙori, hanyar ta toshe. A wannan mataki kare yana jin nauyi da ƙaiƙayi ne kurum, yana jan gindi, yana lasar wurin, yana waiwayowa ya ciji gindin wutsiyarsa. Idan aka bar shi haka, bangon jakar yakan kumbura, ruwan ya gauraya da jini ko mugunya, zama ya gagare shi, yin kashi ya zame masa azaba. Mataki na uku shi ne maruru: gefen dubura ya yi ja ya ɗau zafi, daga baya ya fashe ta cikin fata. Mai kare da bai lura da wuri ba yakan zaci cizo ne ko sukar ƙarfe.

Babban mai jawo toshewar shi ne kashi mai laushi. Kare da ya yi kwanaki yana zawo, ko wanda abincinsa kullum jiƙaƙƙen sauran tuwo ne da romo mai maiƙo, kashinsa ba ya da taurin da zai matse jakar. Ƙiba da rashin motsa jiki suna ƙara wa abin nauyi, musamman ga karen da ke wuni a keji. Ciwon ƙaiƙayin fata, wanda ke tasowa idan jini bai karɓi wani abinci ko cizon ƙuma ba, shi ma yakan kumbura bakin hanyar.

Akwai kuma gado. Masana a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan sun duba bayanan karnuka 104,212 da aka kai asibitocin Birtaniya a shekarar 2013, suka buga sakamakon a 2021. Sun sami cutar a kashi 4.4 cikin ɗari. Ƙananan karnukan ɗaki, irin su Cavalier King Charles Spaniel da Shih Tzu, su suka fi kamuwa, alhali German Shepherd da Boxer suna cikin masu ƙarancinta. Sai dai kada mai German Shepherd ya saki jiki, domin shi wannan kare yana da tasa larurar, wato gyambo mai ramuka a kewayen dubura, wanda ake iya ɗauka maruru ne da ya fashe alhali maganinsu ba ɗaya ba ne.

To, ina batun tsutsa? Akwai tsilar da kare ke samu idan ya haɗiye ƙuma, kuma gutsattsarinta kan sa shi jan gindi. Ana gane ta da ido: za a ga abubuwa farare kamar ƙwayar shinkafa a kan kashi ko manne da gashin wurin. Idan ba a ga haka ba, an kuma ba da maganin tsutsa bai daina ba, maimaita maganin ɓarnar kuɗi ce.

Magani

Likitan dabbobi yakan sa safar roba, ya shafa mai, ya zura yatsa ɗaya cikin dubura, ya matse jakar a hankali tsakanin yatsan da babban yatsa. Idan akwai mugunya sai ya wanke cikin jakar ya cusa magani. Maruru kuwa sai an tsaga shi, an wanke, an ba da maganin raɗaɗi da na kashe ƙwayoyin cuta. A nan akwai gargaɗi biyu. Na farko, kare mai jin zafi yana cizo, ko da ubangidansa ne, saboda haka ba a taɓa wurin sai da takunkumi, balle karen da ba a yi wa rigakafin haukan kare ba. Na biyu, al'adar nan ta matse jakar a kowane wanka, ko kare lafiyarsa lau, a ganina ba ta da kan gado. Jakar da ke aikinta a ƙyale ta, domin yawan matsa da ƙarfi yana iya jawo kumburin da ake gudu.

Abin da ke hannun mai kare shi ne gyaran kashi. A yi maganin zawo da wuri, a rage ƙiba, a fitar da shi yawo, a kashe ƙuma. Ƙara ɗan dafaffiyar kabewa ko ɗan dusa a abinci yana sa kashi ya yi jiki, kuma yana taimakon wasu karnukan. Idan duk da haka cutar tana dawowa, akan cire jakunkunan ta hanyar tiyata. Kare yana rayuwa lafiya ba tare da su ba, amma da yake suna kwance a jikin tsokar da ke riƙe kashi, aikin yana iya barin shi da yoyon kashi, na ɗan lokaci ko na dindindin.

Ga tsohon kare kuwa, taurin da aka ji a jaka ɗaya, wanda bai ɓace ba bayan an matse, abin tuhuma ne, domin ciwon daji yana tasowa a wurin. Wani lokaci ma ƙullutun bai kai a gan shi ba, sai dai ya riƙa sakin wani sinadari da ke ƙara yawan kalsiyam a jini. Alamar da mai shi zai fara gani ita ce kare yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, yana ramewa. Irin wannan a kai shi inda za a gwada jini, kamar asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke Zariya, Sakkwato ko Maiduguri.