Kafin Ka Kwantar da A-kori-kurarka a Kan Balan-balan

Ni bakanike ne, kuma aikina ƙafar mota: sifirin, shokozoba, aksul, da duk abin da ke tsakanin taya da shasi. Garejinmu yana Gyadi-Gyadi, ba nisa da titin Zariya. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne wata sha'awa da na ga ta fara shiga zukatan wasu samarinmu na unguwannin Tarauni da Hausawa da Kundila. Yaro zai samo Hilux ko Tacoma, ya ce sai ya sauke ta har cikinta ya kusa shafar kwalta, ya cire mata sifirin ya sa balan-balan na iska, kuma duk a ƙofar gida za a yi, da bidiyo a waya da mai walda na bakin layi. Ba na ƙin sha'awar. Aikin da aka yi da kyau ni ma tsayawa nake in kalla. Abin da ke hana ni sukuni shi ne irin wanda ake jawo mana bayan an ɓata.

Wannan ado daga Amurka ya fito, daga 'yan asalin Meziko mazauna birnin Los Angeles, bayan yaƙin duniya na biyu. Da farko buhunan yashi suke lodawa a but ko su yanke sifirin. A 1958 jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa kada wani sashe na mota ya sauka ƙasa da gindin rim. A 1959 wani mai suna Ron Aguirre ya ɗaura wa motarsa famfon mai irin na jirgin sama, yadda zai ɗaga ta ya sauke ta da maɓalli. Daga baya balan-balan na iska, irin wanda manyan tireloli da bas-bas ke hawa, ya shigo harkar. An soke waccan doka ta Kalifoniya daga farkon 2024, amma dalilin da ya sa aka kafa ta yana nan daram, kuma shi ne ƙashin bayan maganata.

Taya tana fashewa. Balan-balan ma yana fashewa, tiyo yana tsinkewa. Idan haka ta faru kana kan gudu, me zai fara taɓa ƙasa? In rim ne, motar za ta ci gaba da gangarawa, sitiyari na hannunka, ka samu ka raɓa gefe. In kuwa shasi ne, ko ƙarfen ƙafar gaba, ko tankin mai, to motar ta zauna a kan ƙarfe, taya ta rabu da nauyi, ba sitiyari ba birki. Ka ɗauka a kan gadar Dangi ne da yamma, ga 'yan adaidaita sahu cike da mata da yara a gefenka. Saboda haka duk wanda zai gina irin wannan mota, ya gina ta don ranar da iska za ta fita, ba don ranar ɗaukar hoto ba. A sa robar tsayarwa mai ƙarfi a ƙafafu huɗu, yadda ko iskar ta fice gaba ɗaya motar za ta iya mirginawa ba tare da komai ya kama ƙasa ko taya ta ci bodi ba.

Yawancin masu zuwa wurina sun ɗauka sifirin na baya nauyi kawai yake ɗauka. A'a. Wannan ƙarfen mai ganye-ganye shi ne kuma yake riƙe aksul a mazauninsa, kada ya yi gaba ko baya ko gefe, kada ya murɗe idan an taka mai ko birki. Balan-balan roba ce mai iska, ba ta riƙe komai. In ka cire sifirin, dole ka ƙera sanduna huɗu da za su kama aksul, da ta gicciye idan tsarin ya buƙata, kuma tsawonsu da karkatarsu lissafi ne, ba a yi da ido. In an kuskure, furofela za ta riƙa kaɗawa tana cin kuros, motar kuma ta riƙa jan gefe duk sanda ƙafa ta motsa. Shokozoba ma ba a cire ta. Na ga wanda ya cire, wai ai iska ta wadatar, motar ta dawo tana tsalle a kan titi.

Sai maganar yanka shasi, wadda ta fi komai tayar mini da hankali. Don aksul ya samu wurin hawa idan mota ta kwanta, sai an faffake shasi a samansa. A watannin baya an jawo mana wata a-kori-kura, mai ita saurayi ne mai ladabi, ya ce: "Maigida, don Allah duba mini, bayan ne nake jin yana lilo." Na shiga ƙasa da tocila. An yanke fiye da rabin tsayin shasin da wutar gas, bakin yankan duk kaca-kaca, an liƙa guntun ƙarfen ƙofa a kai. Waldar ta taru ƙulli-ƙulli a sama ba ta shiga jikin ƙarfen ba, alamar wutar ba ta da ƙarfi lokacin da aka yi ta. Daga kusurwar yankan wata tsaga siririya ta riga ta kama hanya zuwa sama. Na sa farce a ciki na nuna masa. Da ya ɗora buhu goma na masara daga Dawanau, da a hanya motar za ta karye biyu. Yadda ake yi shi ne a fara ɗaure shasin a daidaita shi, a walda ƙarfen ƙarfafawa mai kauri ciki da waje, sannan a yanka, kuma a bar kusurwoyin da lanƙwasa, don tsaga daga kusurwa mai kaifi take farawa. Kada kuma a taɓa wurin da aka buga lambar shasi, in ba haka ba ka sayi rigima da masu duba takardun mota.

Akwai wani abu da ko bidiyoyin ba su cika faɗa ba. Tsofaffin Hilux da ba su da birkin ABS suna da wani bawul a baya, da sanda da ta haɗa shi da aksul. Aikinsa ya auna lodi: in bayan mota ya sauka, ya san an yi kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. To kai ka sauke motar ba kaya a ciki. Bawul ɗin zai ɗauka lodi ne, ya tura ƙarfi baya, ka taka birki tayoyin baya su ƙulle kafin na gaba, motar ta juya da kai. Sai an sake saita shi daidai da sabon tsayin da za a riƙa tafiya a kai. Haka tiyon birki, a duba shi a can sama da can ƙasa, kada ya miƙe ya tsinke ko ya matse. Fitilun gaba ma a sake saita su.

Tankin iska kuwa, ina roƙonku da girman Allah ku bar tukunyar gas ta girki. Tayar mota iskarta 30 zuwa 35 ce a geji, tankin balan-balan kuwa 150 zuwa 200 yake ɗauka. Mai walda zai huda tukunyar ya liƙa mata baki, alhali ragowar gas na iya kasancewa a ciki, ga shi ba ta da mafitar ruwa, ba ta da bawul na kariya. Araha ba ta ado. A sayi tanki da tiyo da mahaɗai da aka ƙera don wannan aiki, a nesanta tiyo da salansa da duk wani ƙarfe mai kaifi. Kowace ƙafa ta samu bawul nata, domin in hagu da dama suka haɗa layi ɗaya, iska za ta gudu zuwa ɗaya gefen a kwana, motar ta ƙara kwantawa. Kwamfiresa tana jan wuta sosai, don haka riwaya ya ja mata waya mai kauri, da rile, da fiyus kusa da batir.

Mu kuma tuna inda muke. A gareji, aikin da ya fi zuwa mana kishiyar wannan ne: masu Range Rover da Lexus GX470 suna kawowa a cire balan-balan a mayar musu da sifirin. Dalilin kusan kullum ɗaya ne. Ƙurar hunturu da zafin Maris da Afrilu suna busar da roba ta tsattsage, iska ta fara zurara kaɗan-kaɗan, kwamfiresa ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone. Da damina kuma ruwa yana taruwa a tanki ya ci bawul. Wanda zai riƙe irin wannan mota sai ya saba da zubar da ruwan tanki, da wanke matatar kwamfiresa, da fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa yana neman kumfa. In ka ajiye ta da dare a miƙe ka tarar da gefe ɗaya ya sauka da safe, kada ka fita da ita. Kayan gyaran ma ba kullum za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka same su ba, sau da yawa sai an yi oda, don haka ka ajiye balan-balan ɗaya da tiyo a gida.

Titin Zariya da Court Road ba za su ba ka wahala sosai ba. Lungunan unguwa ne abin ji, da tudun rage gudu, da gangaren ƙofar gida da aka ɗora a kan kwata, da ramin da ruwan Agusta ya rufe. Ka auna su kafin ka zaɓi tsayin tafiya, ka bar wa kaskon baƙin mai sarari. In kuma da motar kake neman abinci, kana ɗaukar kaya daga Yankaba ko Dawanau, shawarata ka bar mata sifirinta. Akwai ƙaramin balan-balan na taimako da ake ƙarawa a kan sifirin ba tare da an yanka komai ba, shi ya fi dacewa da kai, amma ka sani ba ya ƙara wa shasi da birki ƙarfin ɗaukar abin da ya wuce ƙima.

Ga yaran gareji da masu aiki a gida, kada wanda ya shiga ƙarƙashin motar da iska kaɗai ke riƙe da ita, ko hannu kada a zura tsakanin taya da bodi. Tiyo ɗaya ya zame, motar ta sauko kafin ka ja numfashi. A kafa ta a kan ƙarafunan tsayawa a ƙarƙashin shasi, ba bulo ba, a cire makulli, a hana yara wasa da maɓallan. Ranar da aka gama aiki kuma, kafin a hau titi, a sace iskar ƙafa ɗaya-ɗaya a fili, a tura motar gaba da baya, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, wani ya durƙusa yana kallon abin da ke gogar wani. In an ji ƙarfe ya taɓa ƙasa ko taya ta kama, a mayar da ita kan jak.