Amsoshin Tambayoyinku: Rikodar da Baba Ya Bari

TAMBAYA: Bayan rasuwar mahaifinmu mun tarar da tsohuwar rikoda ƙirar Akai a ɗakinsa, irin mai faifai biyu da zare ke warwarowa daga wannan ya naɗe a wancan. Akwai faya-fayai cike da akwati. Yayyena sun ce a ciki akwai karatun malamai da waƙoƙin Narambaɗa da Jankiɗi, har da muryar kakanmu. Yaya zan kunna ta ba tare da na yi ɓarna ba?
Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta namu zuwan. Malam, abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, faya-fayan nan sun fi rikodar daraja nesa ba kusa ba. Rikoda in ta lalace ana samun wata, tun da Akai da Sony da Grundig sun ƙera su da yawa. Muryar kakanku kuwa ƙwaya ɗaya ce a duniya. Saboda haka duk abin da za ka yi, zaren za ka kare.

Kada ka jona ta da wuta tukuna. Juya bayanta ka karanta rubutun da ke jiki. Wutarmu a Najeriya 230 ce, kuma tana juyi 50 a daƙiƙa. Wadda aka ƙera don Amurka 120 take sha, ta Japan kuma 100, kuma kana jona irin waɗannan kai tsaye za su ƙone. Akai da dama da aka yi don fitarwa waje suna da ɗan maɓalli a baya na zaɓen ƙarfin wuta, wasu har da na zaɓen 50 ko 60. In ta 60 ce aka ba ta 50, gudunta zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, sai ka ji muryar Narambaɗa ta yi nauyi tana ja. Ka haɗa ta da sitabilaiza, ka kuma guji ƙaramin janareta, domin da zarar gudunsa ya yi sama da ƙasa, sautin ma haka zai yi.

Daga nan sai wajen mai gyaran rediyo, kuma ka nemi dattijo wanda ya yi zamanin kaset. Injin da ya shekara arba'in a ajiye, bel ɗinsa kan narke ya zama kamar kwalta, giris ya daskare, robar da ke matse zare ta taurare. Ya sauya bel, ya sa mai, ya goge kawunan rikodar, wato ƙarafan da ke karanta zare, da auduga da sifirit marar launi irin wanda masu gyaran waya ke wanke inji da shi. Ƙurar hunturun Sakkwato in ta zauna a kan kai, kankare zare take yi.

Gwajin farko kada ya zama da faifan kakanku. Nemi wanda ba ka damu da shi ba. Faifai mai zare a hagu, wanda babu komai a dama. Ka bi da zaren ta gaban kawuna, ya ratsa tsakanin ɗan sandan ƙarfe mai juyawa da robar nan, sannan ka naɗa bakinsa a faifan dama. Fuskar da ke kallon cikin faifai ita ke shafar kai. Za ka ga lambobi biyu na gudu, 3¾ da 7½, ko 9.5 da 19. In murya ta fito siririya kamar ta yara, gudun ya yi yawa. In ta yi kauri tana jan jiki, ya yi kaɗan. In ka ji magana a baibai, faifan ne ke son a juya shi.

Ga wurin da aka fi yin asara. Kaset ɗin da Philips ya fito da shi a 1963 yana da ɗan kunne da ake karyawa don kada a ɗauki wani abu a kai. Faifan zare ba shi da wannan kariya ko kaɗan. Yaro ya danna jan maɓallin ɗauka, nan take a fara shafe karatun da aka ɗauka tun zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Liƙe maɓallin nan da salatif, kuma kada ka bar ta a kunne ka fita.

Duba kowane faifai kafin ka ɗora shi. Wanda ke warin tsami, ko wanda in ka ɗaga shi a rana haske ke ratsa naɗinsa, tsohon samfuri ne mai saurin tsinkewa, kada ka yi masa naɗin gudu. Akwai kuma wasu na shekarun 1970 da 1980 da ke shan danshi su yi danƙo. Alamarsu ita ce ƙara mai tsini, da baƙin datti a kan kai, da injin da ke nishi. Ka ji haka, ka tsaya nan take. Masana adana sauti suna gasa irin wannan zare a na'ura ta musamman da zafin da bai wuce digiri 50 da 'yan kai ba, amma wannan ba aikin gida ba ne, kada wani ya ce maka ka shanya shi a rana. Tun da Mabera kake, inda ruwa kan kwanta da damina, ɗauke akwatin daga ƙasa ka sa shi a kanta. A jera faya-fayan a tsaye cikin kwalayensu, nesa da lasifika saboda mayen ƙarfen da ke cikinta, nesa kuma da rufin kwano, inda zafin bazara ke haura 40.

Ranar da za ka saurari faifan kakanku, ka riga ka haɗa waya daga bayan rikodar zuwa kwamfuta kana ɗauka, don mai yiwuwa zaren ba zai jure zagaye na biyu ba. Rubuta sunan mai magana da shekara yayin da yayyenka ke iya tunawa, ka raba wa dangi kwafi. In ka tarar da karatu ko waƙar da ba a jin ta a gari, ka tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, ko masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Muna jiran wasiƙarka ka faɗa mana abin da ka ji a ciki.