Kwamfuta Cikin Kwamfuta da Matsalar Lasisi

Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, makarantun sakandare a Funtuwa, Malumfashi da ƙauyukan da ke kewaye suka shiga neman kwamfutoci. Da yawa na hannu ake saye, kuma sukan zo da babbar manhajar Windows wadda kamfanin da ya ƙera su ya ɗora tun daga masana'anta.

Malamin da ke son koyar da Linux tare da Windows yana iya yin amfani da dabarar da ake kira kwamfutar kwaikwayo. Wato manhaja irin su VirtualBox ko VMware ta yanki wani kaso na ƙwaƙwalwar na'urar da ma'ajiyarta, ta gina wata kwamfutar a ciki, wadda babu ƙarfe ko waya a jikinta. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin kamfanin IBM ya fitar da VM/370 tun 1972.

To, idan malam ya goge Windows ya ɗora Linux, sannan ya mayar da Windows ɗin cikin kwamfutar kwaikwayo, shin lasisinsa zai bi shi? Sau da yawa ba ya bi. Kafin 2012 mabuɗin lasisi, mai haruffa da lambobi 25, a kan takarda yake liƙe a ƙasan na'urar. Daga Windows 8 sai aka koma rubuta shi cikin babban allon na'urar kanta. Yayin kunna lasisi, Windows kan duba sassan da take zaune a kansu, ta gwama su da abin da Microsoft ya sani. A cikin kwamfutar kwaikwayo kuwa allon da za ta tarar na kwaikwayo ne, don haka sai ta ɗauka an sake mata gida. Lamarin ya yi kama da takardun motar da ke ɗibar auduga zuwa gidan gurza: lambar jikin mota guda suke ɗauke da ita, ba kuma za su fid da wata motar a shingen bincike ba, ko da mai su ɗaya ne.

Bayan haka akwai sharaɗin Microsoft. Lasisi ɗaya na kwafi ɗaya ne, kuma wanda ya zo tare da na'ura ba a ɗauke shi zuwa wata. Saboda haka Windows a waje da wata Windows a ciki lasisi biyu suke bukata.

Hanya mafi sauƙi ga makarantar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba ita ce a juya tsarin: a bar Windows inda masana'anta ta ajiye ta, a sa Linux cikin kwamfutar kwaikwayo, tunda ita kyauta ce. Sai dai a duba girman ƙwaƙwalwa tukuna, domin Windows 11 kaɗai tana neman aƙalla gigabait 4, kuma na'urar da iyakarta ke nan ba ta da rarar da za ta ba baƙuwa.