Hatimin Asibiti Ba Ya Hawa Dutse

Aikina duba lafiyar matafiya ne kafin su tashi: alhazai, ɗalibai, ma'aikatan da ake turawa waje, sai kuma wani rukuni da ya ɓullo 'yan shekarun nan, masu hannu da shuni da hawan duwatsu ya shiga ransu. Da Kilimanjaro ake farawa. A kai ƙololuwa, mita 5,895, a ɗaga tutar Najeriya, a watsa hoto a Instagram, daga nan sai ido ya koma Nepal. Mutumin da zan ba ku labarinsa ya yarje mini in faɗa, muddin ban kama suna ba. Abokan aikina masu buga hatimi a fom ɗin da ba su karanta ba, ku matso kusa, rabin maganar taku ce.

Ɗan kasuwa ne, bai kai hamsin ba. Ba tumbi, ba hawan jini, ba siga, kullum bayan asuba yana kan injin gudu. Ya biya kuɗin Great Himalaya Trail, hanyar sama, gaba ɗayanta: kusan kilomita 1,700 daga gindin Kanchenjunga a gabashin Nepal zuwa Humla a can yamma, wata biyar a ƙafa. A tsakani akwai Lumba Sumba, akwai Sherpani Col da West Col da suka haura mita 6,000, inda sai da igiya ake sauka, ga Amphu Labtsa, Tashi Labsta, Larkya La da Thorong La. Wasu wuraren a kwana da yawa ba a ga rufin gida ba, daga tanti sai abin da 'yan dako suka ɗauko a baya. Shi kuwa daga Kano zai tashi, garin da bai kai mita 500 ba. Dutse mafi tsawo a ƙasarmu, Chappal Waddi, mita 2,419 ne.

Ya ajiye mini fom ɗin kamfanin a tebur. Tambayoyin zuciya, asma, siga, farfaɗiya, gwiwa. Na duba sama da ƙasa, babu layi ko ɗaya na jinotayif.

"Likita, sa hannu kawai nake so, jibi zan tura musu."

"Alhaji, mene ne jinotayif ɗinka?"

"AS ne. Ai shi ya sa na auri AA. Mu ba ma ciwo."

Wannan "mu ba ma ciwo" mu muka koya musu. Shekara da shekaru muna shiga rediyo da masallatai muna cewa AS maganar aure ce, kada AS ya auri AS, magana ta ƙare. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da shi, ba mu taɓa ƙara musu da cewa akwai wuraren da jinin nan yake sauya hali ba.

Ban ce kada ya je ba. AS da yawa sun hau manyan duwatsu sun sauko lafiya. Cewa na yi zan rubuta AS ɓaro-ɓaro a fom ɗin, in haɗa da wasiƙa zuwa ga kamfanin da ɗan jagora, ya kawo mini takardar inshorarsa in karanta, kuma ya fara da yanki ɗaya na hanyar mu ga yadda jikinsa zai karɓa. Ya yi murmushi ya ce in na rubuta AS za su iya cire shi, kuɗin kuma ba a mayarwa. Ya ce ai ya hau Kilimanjaro bara. Ya naɗe fom ɗinsa, ya yi godiya, ya fita. Daga baya na ga fom ɗin: hatimin wani asibitin bayan layi, sa hannu, kowane akwati an soka masa "babu". Ya rantse mini ko awon jini ba a yi masa ba, direbansa ne ma ya kai takardar.

A watan Maris suka tashi daga Taplejung. Ghunsa, Khambachen, sannan Lhonak, kusan mita 4,800. Ko mako biyu ba su cika ba, ba su ma ga mashigin farko ba.

Wajen ƙarfe goma na dare Hajiyarsa ta kira ni. A can kusan ƙarfe uku na asuba ne.

"Likita, don Allah ka taimaka, an ce Alhaji ba ya iya miƙewa."

Ta turo mini saƙonnin ɗan jagoran, waɗanda ya aiko ta na'urar tauraron ɗan'adam. Mutumin ya san aikinsa, wallahi ya fi wasu masu farar riga tsari. Oksimita, na'urar auna oksijin a jini, ta nuna 84, wanda a wannan tsayi ba abin tada hankali ba ne. Ba tari, ba kaki mai kumfa, ba haki a zaune. Ya sa shi ya taka layi, diddige gaban yatsa, bai yi tangaɗi ba. Ba ciwon kai. Duk abin da aka koya masa ya nema, HAPE da HACE, wato ruwa a huhu da kumburin ƙwaƙwalwa, ya nema bai samu ba. Abin da ke akwai shi ne ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin hagu da ke harbawa har kafaɗa, amai, bugun zuciya ya haura 120, mutum ya duƙunƙune a jakar barci ba ya so a taɓa masa ciki.

Na rubuta masa: saifa ce. A tsayar da Diamox, maganin da masu hawan dutse ke sha, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan ba tsayawa, a sa masa oksijin in akwai, kada kowa ya danna cikin, a sauko da shi. Na ƙara da cewa AS ne. Amsar da ta dawo tambaya ce, mene ne AS. Ban ga laifinsa ba. A Nepal ana samun sikila a tsakanin Tharu, mutanen ƙasa-ƙasa na kudu, amma ɗan jagoran da ya tashi a kan duwatsu yana raka Turawa da Japanawa, ina zai haɗu da ita? An ba shi fom mai hatimin likita da ya ce babu komai.

Tsakanin Lhonak da Khambachen akwai wurin zaftarewar ƙasa, ba a bin sa da dare da mara lafiya. Suka jira gari ya waye. Aka nemi jirgi mai saukar ungulu, kamfanin jirgin ya ce a turo tabbacin biya. Nan aka buɗe inshorar. Ejan ɗin tikiti ne ya haɗa masa ita, irin wadda ake liƙawa a takardun biza, kuma a ƙananan rubutun ciki an cire hawan dutse a irin wannan tsayi. Araha ba ta ado. Kafin dangi su bi 'yan canji su haɗa dubban daloli su tura, gajimare ya rufe kwarin, jirgi ba zai shigo ba sai washegari. 'Yan dako ne suka goya shi bi da bi, da igiyar goshi, suka ratsa wurin zaftarewar nan da shi. Samari ne da kuɗin wuninsu bai kai na takalmin da ke ƙafarsa ba, suka sa ransu a haɗari saboda abin da ya ɓoye.

Da aka kai shi Katmandu, hoton CT ya nuna babban ɓangaren saifar ya mutu. Likitocin sun yi abin da ya dace, ƙarin ruwa, oksijin, maganin ciwo, suka sa ido, domin yawancin irin wannan yana lafawa ba tare da wuƙa ba. Nasa bai lafa ba. Ya yi mugunya, zazzaɓi ya ƙi sauka, aka shiga da shi tiyata aka cire.

Sai da ya dawo, ya rame har wando na zamewa, sannan na ji sauran labarin. Ciwon tun a Ghunsa ya fara. Ya ce olsa ce, ya kama shan Gestid. Da ya ƙi, sai diclofenac. Da ya ƙi, sai tramadol. Diamox kuma wani mai kemis ne ya ba shi, 250 sau uku a rana, ya ce masa yana ƙara ƙarfin numfashi. Fitsari ya dame shi, banɗaki yana waje, sanyin dare ba a magana, sai ya rage shan ruwa don kada ya riƙa fita. Ku haɗa lissafin da kanku: AS, iska ta yi ƙaranci, maganin da ke tatse ruwa, mutum kuma ya daina sha, ga hawa da jaka wuni guda. Kowace yamma ɗan jagora yana zagayawa da littafinsa yana tambayar kowa, shi kuma yana cewa lafiya lau. Har a Kilimanjaro, ashe, ya ji irin ciwon a gefen hagu ranar saukowa. Olsa ce, in ji shi.

Dangi suna ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara. Amma wanda ya buga hatimin nan ba tsautsayi ba ne, kuɗi ya karɓa.

To ga maganar a gajarce. In kai SS ne ko SC, wannan tafiya ba taka ba ce, ko wa ya sa maka hannu. In kai AS ne, ɗan jagoranka ya sani a rubuce tun kafin ka hau jirgi, kuma ya san cewa ciwon gefen hagu a wurinka saukowa yake nufi. In ba ka san jinotayif ɗinka ba, ba ka da abin yi a sama da mita 2,500.

Kada wani ya ce mini sai an kai Himalaya. Ryan Clark, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, AS ne. A 2007 ya buga wasa a Denver, mita 1,600 kacal, tsayin da bai wuce na Mambila ba, ya ƙare ba saifa ba matsarmama. Ƙato ne da likitoci ke kewaye da shi dare da rana. Injin gudunka ba ya gyara jini. Masu ƙarfin ma su suka fi ba mu wahala, su ne masu wuce kowa a hanya, su ne masu jin kunyar cewa ba su da lafiya.

Ku daina ɓoye ciwo ga ɗan jagora. Na san kuɗin da yawa, na san an yi sallama da abokai an ce sai bayan wata biyar, dawowa a mako na biyu akwai nauyi. Nauyin dai bai kai na makara ba.

Oksimita ba alƙali ba ce, balle a kan fatarmu. Binciken da aka yi a Jami'ar Michigan aka wallafa a 2020 ya nuna cewa na'urar tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da yadda take yi a farare. Ƙara da yatsa mai sanyi, ko lalle a farcen Hajiya. Lamba mai kyau da mutum a duƙunƙune, mutumin za a bi.

Diamox 125 ne safe da yamma, kuma likitan da ya san jininka da ƙodarka ne zai ce ka sha ko kada ka sha. Masu kemis, don girman Allah, abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Tramadol da ƙwayar barci a mita 4,000 danne numfashi suke yi. Bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da 500 a rana, da hutu duk kwana uku ko huɗu, kuma ranar hutu ba ɓata kuɗi ba ce. Azumin nafila a bar shi sai an dawo gida, matafiyi an yi masa rangwame. Alwala da ruwan ƙanƙara ma a tambayi malamai hukuncin taimama tun a gida.

Inshora. Ku karanta ta da kanku, layi-layi. Mita nawa ta rufe? Ta haɗa da jirgin ceto? Ta san kai AS ne, ko za su ce ka ɓoye ciwo su ƙi biya? Tun badaƙalar 2018, lokacin da gwamnatin Nepal ta binciki kamfanonin da ke kwaso masu yawo da jirgi ba gaira ba dalili don cin kuɗin inshora, masu inshorar sun ƙara tsanani, yawanci sai an kira su sun amince tukuna. Wanda ke kwance a tanti ba shi zai yi wannan kiran ba. A bar wa wani a gida lambar da takardun.

Daga Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta Nepal ta wajabta wa baƙi ɗaukar ɗan jagora a yawancin hanyoyin, mutanenmu kuma sai suka ɗauka an ba su likita ne. Ba likita ba ne. Wuraren jinyar Himalayan Rescue Association da kowa ya sani suna Pheriche da Manang, makonni ne a ƙafa daga inda Alhaji ya faɗi. In ɗan jagora ya ce a juya, a juya. A Oktoban 2014 guguwar dusar ƙanƙara ta kashe mutum sama da 40 a yankin Annapurna, da yawansu a kusa da Thorong La, mashigin da ake ɗauka mai sauƙi.

Na sake faɗa, ku daina ɓoye ciwo. Ku kuma masu hatimi, fom ɗin da direba ya kawo ba a sa masa hannu.

Yanzu Alhaji yana zaune a Arewa ba saifa. Duk wanda ya san aikin ya san me hakan ke nufi a nan: sanƙarau da bazara, sauro da damina, nimoniya kowane lokaci. Mun yi masa alluran rigakafin da suka kamata, na rubuta masa kati ya sa a walat, na ce da shi da Hajiya duk zazzaɓin da ya taso, ko ƙarfe biyun dare ne, asibiti a ranar, ba gobe ba. Makon jiya aka kawo shi da zazzaɓin kwana uku, jiki na karkarwa. Na tambaye shi me ya sha, ya zaro baƙar leda daga aljihu. Kemis ɗin nan ne dai. Mun ba shi gado.