Darasi: Me Ke Faruwa Sa'ad da Muke Barci?

Barcinmu ba iri ɗaya ba ne daga dare har wayewar gari. Da masana suka auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, sun ga barci yana zagayawa mataki-mataki. Kowane zagaye yakan ɗauki wajen minti 90, mukan kuma yi zagaye 4 zuwa 6 a dare.

Da fari gyangyaɗi, sai barci mara nauyi. Sa'an nan barci mai nauyi, inda motsin ƙwaƙwalwa yakan lafa. A nan ne jiki ke gyara kansa, jikin yara kuma ya fi sakin sinadarin girma. Na ƙarshe shi ne barcin mafarki, wanda aka gano a Amurka a 1953. Idanu suna motsi a rufe, ƙwaƙwalwa tana aiki kamar a farke, gaɓoɓi kuwa sun saki.

Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuwa gab da asuba. Matar da ta kwanta a makare, ta tashi daka kafin carar zakara, tana rasa rabonta. Babba yana bukatar aƙalla awa 7, ɗan firamare awa 9 zuwa 12.

Mu tattauna: Wa ke kwanciya ƙarshe, ya riga kowa tashi a gidajenmu? Wane aiki za mu ɗauke masa?